Jan Akwatin Sarkin Tudu

An ce a zamanin da, tun ana auna tafiya da watanni, an yi wani Sarki a wata ƙasa mai yawan rana, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana yaƙi da maƙwabcinsa Sarkin Tudu. Da maza suka ƙare, gonaki suka koma saura, sai malamai suka shiga tsakani aka yi sulhu. Sharaɗin sulhun kuwa shi ne kowane Sarki ya ba ɗan'uwansa ajiyar abin da ya fi so har shekara biyar. In ajiya ta koma lafiya, zaman lafiya ya tabbata har jikoki. In an ci amana, kowa ya ɗaura sirdi.

Sarkin wannan ƙasa ya ba da takobin kakansa. Sarkin Tudu kuwa ya aiko da wani jan akwati da fatake suka kawo wa ubansa daga ƙasar Sin. Tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, nauyinsa bai fi na ƙwarya ba, amma jikinsa duk sassaƙa ce ta tsuntsaye da gizagizai da duwatsu, kuma duk garin ba wanda ya san da abin da aka yi shi. Maƙera suka ce ba ƙarfe ba ne, masassaƙa suka ce ba itace ba ne, magina tukwane suka ce wuta ba ta taɓa ganinsa ba.

Saura kwana arba'in da biyar manzon Sarkin Tudu ya iso karɓar ajiyarsu, sai aka wayi gari kusurwar murfin akwatin ta tsage. Fatarsa ta ɗaga kamar ɓawon albasa, wani ɗan yanki kamar farce ya ɓalle ya faɗi. Sarki ya fusata. Ya sa aka kama Ma'aji Cindo, wanda ajiyar ke hannunsa, aka ja shi ta ƙofar fada ba rawani aka kai shi kurkuku. Sannan ya sa aka yi shela: duk wanda ya warkar da akwatin zai sha alheri, wanda ya taɓa ya ƙara ɓata shi zai rasa hannunsa na dama, in kuwa ranar ta zo ba a gyara ba, za a miƙa wa manzo akwatin tare da kan Ma'aji.

Kwana uku ba wanda ya fito.

To, akwai wani dattijo a bakin kasuwa mai ɗinkin ƙorai, sunansa Nomau. Tun yana saurayi ya tafi aikin Hajji, daga can ya shiga jirgin ruwa na fatake yana yi musu dako, har ciwo ya kwantar da shi a wata tashar ƙasar Sin, jirgi ya tafi ya bar shi. Wani tsoho mai suna Wen ya ɗauke shi ya yi jinyarsa, ya kuma koya masa sana'arsa shekara goma sha huɗu. Sana'ar kuwa ita ce aikin wani ƙaro da ake tatsa daga jikin wata itaciya ta can. Ana tsaga ɓawonta, ruwa ya fito fari-fari kamar nono, in ya sha iska ya yi baƙi. Sinawa suna kiransa "ci", Nomau kuwa yakan ce sunan ya dace, don ɗanyensa yana cin fatar duk wanda bai saba da shi ba. Shi kansa sai da ya shekara biyu yana susa kafin jikinsa ya daina kumbura.

Da ya komo gida shekara biyu da suka wuce, ya tarar danginsa sun watse a yaƙi, ba wanda ya gane shi. Cindo ne, abokin wasansa na ƙuruciya, ya gane shi ta tafiyarsa, ya ba shi ɗaki a gidansa. Saboda haka da shela ta kai kwana uku, Nomau ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado, ya fito da wata gora da aka toshe da kakin zuma, da ƙullin garin jan dutse, da burushin gashi guda biyu. Ya daɗe yana kallon hannunsa na dama. Sannan ya tashi ya nufi gidan Waziri Arzika.

Waziri dattijo ne mai sauraro fiye da magana. Ya ji labarinsa har ƙarshe, ya kai shi gaban Sarki.

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa. Aka ajiye akwatin a gabansa. Bai taɓa shi ba tukuna, ya zagaya shi a durƙushe yana dubawa. Ya ga gefe ɗaya ja ne mai zurfi kamar jini, ɗaya gefen kuwa ya koɗe, ya yi ƙananan tsage-tsage kamar bakin tafki da rani. Ya bayyana wa fada cewa cikin akwatin siririn katako ne da aka naɗe da ƙyalle, aka shafe da ƙaro shafi bisa shafi, kowanne bai kai kaurin gashi ba, kowanne sai ya bushe an goge shi da gawayi kafin a ɗora wani. Ya ce wannan ya haura shafi ɗari da hamsin, ya ci wa mai yinsa shekara uku kafin ma ya sa wuƙa ya fara sassaƙa.

Madaki Dogara, shugaban mayaƙan Sarki, mutum ne da sulhu ya rage wa daraja, don tun da aka ajiye makamai ba a ƙara buga masa tambari ba. Shi ya katse maganar, ya ce ba a tara fada don jin tatsuniyar matafiya ba, in mai ɗinkin ƙorai ya san abin, ya faɗi yadda Ma'aji ya yi ya fasa shi.

Nomau ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, wannan ba faɗuwa ya yi ba, ba kuma duka ya sha ba. Ƙaron nan ba ya tsoron ruwa, ba ya tsoron tsami, ko tafasasshen miya aka zuba masa ba ya motsi. Abu biyu yake tsoro, rana da bushewa. Wannan akwatin an ajiye shi inda hantsi ke dukan gefensa na hagu kullum, an kuma hura wuta kusa da shi da sanyi. Katakon ciki ya tsuke, fatar waje ba ta bi shi ba, sai ta tsage. Wanda ya zaɓa masa wurin zama, shi ya yi masa rauni."

Nomau ya ɗaga kai, ya ga kowa ya sunkuyar da nasa, har mai fifita ya tsaya. Can ya hango wani ɗan dandamali a gindin tagar gabas, dab da karagar Sarki, an lulluɓe shi da ƙyallen alharini. Nan take ya gane wanda ya zaɓi wurin.

Madaki ya ce wannan magana ta isa a yanke harshe. Sai Waziri ya gyara zama ya ce, ranka ya daɗe, likita da ya faɗi sunan ciwo ba a hukunta shi sai an ga ko maganinsa na ci. Sarki ya tambayi Nomau abin da yake bukata. Ya ce ɗaki mai duhu kusa da rijiya, da yashi, da tabarmi, da ruwa mai yawa, don ƙaron nan ba ya bushewa sai a cikin laima.

Dariya ta ɓarke. Madaki ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa shanya wanki a cikin kogi. Sarki bai yi dariya ba. Ya ce a gwada, in ƙarya ce hannu ya tafi tun kafin a taɓa akwati.

Nomau ya fasa sakaina biyu, ya buɗe gorarsa, ya shafa wa kowacce ƙaro kaɗan. Ɗaya aka ɗora a kan soro tana shan rana, ɗaya aka sa a cikin tulu bisa jiƙaƙƙen yashi aka rufe, aka ɗora hatimin Sarki. Kwana ukun nan Nomau bai ji ɗanɗanon tuwo ba, don bai sani ba ko ƙaron da ya shekara uku a gora yana da sauran rai. Ran na uku aka sauko da ta soro, aka taɓa ta da tsinke, ya manne. Aka fasa hatimi aka fito da ta tulu, ta yi baƙi wuluk tana sheƙi, Waziri ya ƙwanƙwasa ta da zobe ta yi ƙara kamar tangaran. Sarki ya ce a ba shi ɗakin.

Aka ba shi wani ɗakin ƙasa a bayan fada, aka sa dogarai biyu a ƙofa. Ya shimfiɗa yashi, ya rataya tabarmi a bango, yana yayyafa musu ruwa bayan kowace salla. Kwana shida bai yi komai ba face barin akwatin ya sha laima, har fatar da ta ɗaga ta yi laushi. Kullum Sarki ya aiko a tambaya, kullum amsa ɗaya ce: ana jira. Ran na bakwai ya tace ƙaro da ƙyalle, ya kwaɓa shi da ƙullun alkama, ya riƙa tura shi da bakin burushi ƙarƙashin kowane ɓawo, yana riƙe numfashi kada ƙura ta sauka. Ya kafa firam, wato ɗan keji na katako, kewaye da akwatin, ya lanƙwasa siraran tsinkayen gora tsakanin firam da murfi, kowane tsinke yana danne wuri ɗaya a hankali. Tsinke talatin da biyu ya kafa.

Ranar Juma'a ta biyu ya kulle ɗaki ya tafi masallaci. Da ya komo ya tarar da ƙofa a buɗe. An fizge tabarmi, an ture firam, tsinkaye sun watse, an jawo akwatin bakin ƙofa inda rana ke faɗa. Gorar ƙaro tana kwance a yashi, fiye da rabi ya malale. Ya ruga ya rufe akwatin da rigarsa ya mayar da shi duhu. Da ya duba, ɓawo huɗu sun sake ɗagawa, sauran sun riƙe. Ya ɗaga gorar, ya ga sawun yatsu huɗu a jikinta, inda wani ya damƙe ta ƙaro ya zubo masa.

Dogarai suka rantse ba su ga kowa ba, amma ko ɗaya bai iya duban idon Waziri ba. Waziri ya gane cewa wanda ya shiga mutum ne da suke tsoro fiye da bulala. Kafin la'asar Madaki ya riga ya faɗa wa Sarki cewa tsohon ya ga aiki ya fi ƙarfinsa, ya ɓata da kansa don ya sami uzuri, gara a daina ɓata lokaci a fara tara dawaki. Sarki ya ba Waziri kwana biyar ya kawo mai laifi, in ba haka ba hukunci ya hau Nomau.

Da suka keɓe, Nomau ya nuna wa Waziri sawun yatsun. Ya ce duk wanda ya yi wannan, jibi ko gata hannunsa zai kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa, da ƙaiƙayin da zai hana shi zama, kuma baƙin da ya shiga farcensa ba sabulun da zai fitar. Waziri ya tambaya ko yana kisa. Nomau ya ce ko kaɗan, mako biyu ya wuce. Waziri ya shafa gemu, ya ce babban mutum yana iya ɓoye hannu cikin riga mako biyu, ya ce zazzaɓi yake yi. Sai dai in shi da kansa ya kawo hannun.

Washegari a fada, Waziri ya jawo magana kamar ba da niyya ba. Ya ce ya ji tausayin mai ɓarnar, don ƙaron Sin dafi ne: ya fara da ƙaiƙayi, ya bi jijiya daga yatsu zuwa kafaɗa, ran na bakwai ya isa zuciya, kuma duk ƙasar mutum ɗaya ne ya san makarinsa. Nomau yana gefe, kansa a ƙasa. Ƙaryar ba ta yi masa daɗi ba, amma ya tuna Cindo a kurkuku, ya yi gum.

Ran Lahadi Madaki bai zo fada ba. Ran Litinin ma haka, aka ce masassara. Nomau ya ci gaba da aikinsa da ɗan abin da ya rage a gora, yana mayar da tsinkaye, kunnensa na ƙofa. Talata ta zo, saura kwana ɗaya. Waziri ya roƙi Sarki ya zo ya zauna a ƙuryar ɗakin bayan jiƙaƙƙun tabarmi, ya ce in rana ta faɗi ba wanda ya zo, hukuncin ya haɗa da rawaninsa shi Waziri. Suka zauna tun azahar. Ruwa na ɗiga daga tabarma, Sarki na tsaki a hankali.

Ana gab da kiran la'asar sai inuwa ta rufe ƙofa. Madaki ne, shi kaɗai, hannayensa cikin babbar riga. Ya kori dogarai, ya shigo, ya fito da hannun dama. Ya kumbura har gwiwar hannu, yatsu sun yi kamar rogo, fuska ma ta taɓu inda ya share gumi. Ya ce wani bawansa ne ya kawo masa wani abu ya taɓa, a ba shi makari, zai cika wa Nomau hula da zinariya.

Nomau ya ce, "Allah ya taimaki Madaki, makarin nan gwargwadon dafi ake auna shi. In ya yi kaɗan ba ya ci, in ya yi yawa shi ma kisa yake. Sai na san ranar, da lokacin, da yadda ya zuba."

Madaki ya dubi ƙofa, ya dubi hannunsa. Ya rage murya ya ce ranar Juma'a ce, ana cikin huɗuba, gorar ya ɗauka zai zubar sai ta kwaɓe masa. Ya ƙara da cewa in Nomau yana da hankali ya bar akwatin nan ya lalace, don ƙasa ba ta girma da ajiyar kayan mata, ranar da aka ci Tudu kuwa ba zai manta da shi ba.

Tabarma ta ɗaga, Sarki ya fito. Madaki ya zube a kan jiƙaƙƙen yashi. Ko a nan abin da ya fara roƙo shi ne makari. Nomau ya ce ya riƙa sa ruwan sanyi, ya daina susa, zai warke da kansa. Sarki ya sa aka cire wa Madaki rawani a wurin, aka tsare shi.

Amma Ma'aji bai fito ba, don akwati bai warke ba. Nomau ya cike gurbin da ya ɓalle da ƙaro da garin yumɓu, ya ɗora jan shafi huɗu, kwana biyar-biyar tsakaninsu, yana gogewa da gawayi. Saura kwana shida Sarki ya zo dubawa. Tsaga ta haɗe, ɓawo ya kwanta, amma sabon wurin ya fi sauran duhu, gefen hagu kuma yana nan a koɗe. Sarki ya ce a shafe akwatin duka da sabon ja, yadda manzo ba zai ga komai ba.

Nomau ya durƙusa. Ya ce sabon shafi da duhu yake fitowa, sai ya shekara yake washewa ya dace da ɗan'uwansa. Ya ce ƙaron da ya rage zai iya rufe akwatin shafi ɗaya, amma ba zai yi ba. "Maigidana Wen ya ce da ni, mai gyara baƙo ne a gidan wanda ya yi abu. Ya toshe inda ke yoyo, kada ya sake wa gida fasali. In na shafe shi, bakin wuƙar mai sassaƙa zai cushe, kuma abin da za a mayar wa Sarkin Tudu ba shi ne ya ba da ajiya ba. Hannuna na Sarki ne, in ya so ya ɗauka."

Sarki ya juya ga Waziri a fusace. Waziri ya ce, ranka ya daɗe, rauni da aka nuna haɗari ne, rauni da aka ɓoye aka gano cin amana ne, kuma a kan amana aka yi rantsuwa, ba a kan sheƙi ba. Sarki ya fita bai yanke hukunci ba. Kwana shidan nan Nomau bai san matsayinsa ba.

Ranar ta zo. Manzon wani tsoho ne mai farin gemu, aka ce shi ya riƙe taskar Tudu shekara talatin. Ya miƙa takobi, aka ajiye masa akwati. Kafin ya miƙa hannu, Sarki ya yi gyaran murya ya ce, "Ka faɗa wa ɗan'uwana, ajiyarsa ta yi rauni a hannuna. Ni na sa ta a rana don in yi alfahari da ita, ban san rana na cinta ba. Ga wurin, ga wanda ya gyara."

Manzo ya ɗauki akwatin, bai ko dubi kusurwar ba. Ya juya shi, ya bi bakin murfi da yatsa har ya tsaya a wani wuri da ja ya goge, baƙin ƙasa ya fito kamar ƙwayar gero. Ya ce nan ne babban yatsan marigayi uban Sarkinsu ya cinye, shekara ashirin yana buɗe shi kowace safiya. Ya ce labarin tsagar ya riga ya kai Tudu ta bakin fatake, kuma umarnin da aka ba shi ɗaya ne: in ya tarar da akwati sabo fil, babu wannan tabo, ya bar musu akwatin ya juyo, dakaru suna bakin iyaka. Sannan ya duba gyaran, ya daɗe, ya tambayi Nomau yadda za su ajiye shi. Nomau ya ce a naɗe shi da auduga, a sa shi cikin wani akwatin katako, nesa da taga da murhu, a ajiye kaskon ruwa a ɗakin da rani, kada a shafa masa mai, kada a ɗauke shi da hannu mai gumi. Manzo ya sa magatakardansa ya rubuta, ya tashi ya jaddada wa Sarki alkawarin sulhu a madadin ubangidansa.

A ranar aka kori Dogara daga ƙasar, aka raba dawakinsa ga matan da yaƙi ya mayar zawarawa. Sarki ya ce Nomau ya roƙi abin da yake so. Ya ce yana so a fito da Cindo yanzu, kuma a faɗa wa gari da bakin sanƙira cewa bai ci amana ba. Sarki ya yi fiye da haka. Ya tashi da kansa ya taka har kurkuku, abin da ba a taɓa gani ba, ya sa aka kwance wa Cindo mari, ya naɗa masa rawani da hannunsa a gaban jama'a. Cindo ya rame har ba ya iya tsayuwa sosai. Nomau ya sa kafaɗa ya tallafe shi, suka bi ta tsakiyar kasuwa a hankali, mutane na buɗe musu hanya, har gida, inda aka riga aka ɗora tukunya.

Haka masu labari suka ba mu shi, mu ma haka muka ba ku. Abin da ya ƙaru ko ya ragu a hanya, Allah shi ne masani.